Jan Biron Ticha Bulus

Ku yarda in kun ga dama, in ba ku ga dama ba ku leƙa kicin ku tambayi uwarku, tana nan da ranta. Ubanku, Ɗanlami Bature, mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya riƙe da makirufo yana fassara Turanci a Kafanchan, wanda ake cewa ko atishawa Bature ya yi sai ya faɗa maka ma'anarta, ba ya jin Turanci. Ban taɓa ji ba. Duk jarina bai wuce kam da go da tankiyu ba, shi ma tankiyun sai da aka gyara min shi sau uku. Na san Auwal yanzu ya fara dariya, yana cewa tsohon nan ya fara. To wannan karon ba farawa na yi ba, gamawa nake yi.

Rabi ce ta sa na ɗauki biro. Da ta zo hutun sallah ta zauna kusa da ni da wayarta, ta ce Baba ga fim ɗinku har yanzu ana yinsa, ka fassara wa jikokinka su ji yadda ake yi a da. Na ce ido ke min ciwo. Auwal ya ce ai da kunne ake ji. Na ce kunnen ma ya kama. Kuka bushe da dariya, uwarku ba ta yi ba, ta tashi ta bar ɗakin, don ita ta san inda ciwon yake. Sannan akwai labarin nan da na sha ba ku, na yadda na goya Ticha Bulus a babur na ratsa wuta da hayaƙi da shi har Kagoro, harsashi yana wuce kunnena yana gaishe ni. Shi ma ku goge shi. A shekarar ko keke ba ni da shi.

Gidan kallona yana bayan tashar jirgin ƙasa, kusa da tsofaffin taragun nan da ciyawa ta tsiro a cikinsu. Rumfar kwano ce, benci goma sha biyu, talabijin mai ƙaton ƙeya, da janareto da muke kira Hajiya don ba ta tashi sai an lallashe ta. Sauran kwanaki ƙwallo ake kallo, amma Asabar bayan la'asar ta Mai Agogo ce. Mu muka raɗa masa wannan suna, na gaskiyar ko wuƙa aka sa min a wuya ba zan iya faɗa ba. Fim ne na Turawa mai dogon zango, tun hoto yana baƙi da fari ake yinsa, waɗanda suka fara shi sun tsufa sun mutu wasu sun ɗora, ga shi yau jikokina na kallo a waya. Labarin wani siririn tsoho ne mai agogon aljihu. Akwai wasu halittu daga wata duniyar da ruwanta ya ƙafe, mu 'yan sama muke ce musu, suna saukowa su shiga jikin mutane su zauna kamar kowa, su yi aure, su je kasuwa, su yi ta maka ina kwana shekara ashirin, ran da aka busa musu usur daga sama sai su tashi su cinye gari. Duk sanda suka ci, sai tsohon ya murɗa agogonsa baya, ya koma shekarun da suka wuce ya sake lale. Amma agogon yana da doka. Ranar da ya koma sau ɗaya ba ya sake komawa. In ya ɓata ta, ta ɓaci ke nan.

Ticha Bulus maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Mutumin Kagoro ne, Kirista, malamin firamare, ya gina gidansa a unguwarmu tun ban yi gemu ba, ya dasa bishiyar fiya a tsakar gida wadda rabin 'ya'yanta a namu gidan suke faɗowa. Dogo ne mai tabarau, aljihun rigarsa kullum da biro biyu, shuɗi da ja. Ranar da na sayo faya-fayan farko na kunna, na ji mutanen suna magana kamar masu tauna dankali mai zafi, sai na kwashi faifan na tafi wurinsa.

"Ticha, me tsohon nan ke cewa?"

"Ya ce duniya za ta ƙare ran Talata."

"To me ya sa yake murmushi?"

"Bature ne, Ɗanlami. Haka suke tsorata."

Daga nan muka ƙulla. Duk Juma'a in ya taso makaranta sai ya kalli kashin makon a falonsa, ya rubuta min komai da Hausa a littafin eksasais, wa ya ce me, wa ya ci amanar wa. Matarsa Maman Iliya ta sa littafin a kwando, ta rufe da ganyen yakuwa, ta miƙa wa uwarku ta kan katanga. Ni kuma in kulle ɗaki in haddace kamar mai shirin saukar karatu. Ran Asabar in riƙe makirufo in zuba gishiri da barkono. Ticha yana can ƙarshen bencin baya, hannu a naɗe. In na kauce hanya ya yi tari sau ɗaya. In ƙaryar ta yi yawa, sau biyu. Sau uku kuwa ma'anarsa, Ɗanlami ka ji tsoron Allah. Ni na sa shi ya yi min alkawarin ba zai faɗa wa kowa ba, shi ma ya ji daɗi, don dattawan cocinsu ba za su so a ce ticha guda yana aikin gidan kallo ba.

Abin da ya ɗaga ni sama a garin nan ba Turancin ba ne, raɗa suna ne. Mutanenmu ba sa iya riƙe sunayen Turawa, sai na riƙa bai wa kowane ɗan fim sunan wani da ke zaune a kan bencina. Wani ƙaton soja mai tumbi ya zama Tanimu mahauci. Direban da ba ya wanka ya zama Garba mai faci. In aka kashe mutum a fim sai rumfa ta ɗauki salati, a juya ana yi wa mai sunan ta'aziyyar kansa, yana zaune yana ɓare gyaɗa yana cewa na gode, na gode, Allah ya ba da lada. Har roƙona ake yi a hanya, Bature ka sa ni a na wannan makon ko da gawa ce. Mai Agogo kuwa ba sai an tambaya ba, Ɗanlami ne. Shi kuma shugaban 'yan sama, da yake a fim ɗin ya ɓuya ne a jikin wani malamin makaranta mai tabarau, ranar da ya fara fitowa na nuna bencin baya na ce, jama'a ga Ticha Bulus. Kwanon rumfa sai da ya yi ƙara don dariya. Ticha ma ya yi dariyar. Daga ranar in ya wuce kasuwa sai a ɗaga murya.

"Ticha, yaushe za a busa usur?"

Sai ya ɗaga tabarau ya dubi sama.

"Sai na gama makin jarrabawa."

Don kada in rikice, a shafin farko na kowane mako sai ya jera min sunayen da na raba, ya rubuta Asabar a sama. Da yake ticha ba ya barin halinsa, sai ya zaro jan biro ya yi maki. Wanda zai tsira a kashin ya ba shi alamar daidai, wanda zai mutu ya zabga masa kuros, don in tanadi kukan da zan yi masa. Ku riƙe wannan, a kansa komai ya tsaya.

Ku ba ku san yadda gidajen nan biyu suke ba. Maman Iliya ce ta fara yi wa Rabi wanka a duniya. In Kirsimeti ta zo, ni ake kawo wa kajinsu in yanka don mu ma mu ci, da layya kuwa cinyar rago ɗaya tasu ce tun ragon yana tafiya da ita. Kakarku Inna ba ta kiransa da komai sai ɗana na coci, shi ke karanta mata takardar asibiti ya ce wannan da safe, wannan bayan abinci. Ta taɓa tambayata me ya sa ni ba na karanta mata, na ce Turancin likitoci na ƙauye ne, yana ɓata min nawa. Ta dube ni ta ce to.

Sai shekarar da gari ya rabu. Ba zan ce ga wanda ya fara ba, don kowane ɓangare yana da kaburburan da zai nuna maka. Daga ƙauyuka abin ya taso, yau a ce an tare hanya, gobe a ce an ƙona gona. Kasuwa ta zama biyu, mai tumatir ya san tumatirin wa zai saya. Kiristocin unguwarmu suka riƙa kwashewa ɗaya bayan ɗaya suna komawa can ɓangaren Kiristoci, Musulmin can suna dawowa nan, kowa da katifa a ka, ana haɗuwa a hanya ana sunkuyar da kai. Samarin Kirista da ke cika min benci huɗu suka daina zuwa. Ni kuma wanda ke zaune gabana nake raɗa wa suna, don haka a hankali sunayen cikin littafin suka koma na Musulmi zalla, ban da na Ticha. Wallahi ko ni ko shi ba wanda ya lura. Ticha ya ƙi tashi. Na ji Maman Iliya da kunnena tana gaya wa uwarku ta kan katanga, da irin Hausarta.

"Maman Rabi, na yi magana har na gaji. Baban Iliya ya ce shi ba ya tafi ko'ina. Ya ce Ɗanlami yana nan, wa zai taɓa shi?"

Na ji, na ƙara buɗe ƙirji, na ce a raina ai kuwa.

A kashin wannan makon 'yan sama sun kashe mutum bakwai a zama ɗaya. Ticha ya gama rubutu ran Juma'a, Maman Iliya ta tafi taron zumuntar mata, babu mai miƙa kwando, sai ya saƙala littafin a hammata ya ce bari ya sayo nama ya biyo ya ba ni. A teburin Tanimu ya ajiye shi don ya karɓi ƙunshi, hadari ya taso irin na Kafanchan da ba ya sallama, ya ruga gida ya manta. Takardar naɗe nama ta ƙare wa Tanimu, ya jawo littafin zai yaga. Shafin da ya buɗe, Asabar a sama, sunansa na farko, jan kuros a gabansa. Garba mai faci, jan kuros. Mutum bakwai, duk 'yan unguwa, duk Musulmi, da rubutun Kirista ɗaya tilo da ya ƙi tashi. Kada ku zagi Tanimu. A watan aka kawo gawar ƙanensa daga hanyar Gwantu, shi ya wanke shi.

Kafin la'asar ƙofar mai unguwa ta cika. Malam Haruna ne mai unguwa a lokacin, dattijo mai sanyin magana. Ina rumfa ina share benci aka zo aka ce ana nemana. Na tarar da Ticha a tsaye a zaure, ruwa ya jiƙa masa kafaɗa, ƙunshin naman har lokacin yana hannunsa. Tanimu yana gefe, wuƙar aikinsa a hannu, na tabbata bai ma san ya taho da ita ba. Ashe tun da aka fara Ticha bai ce komai ba sai, ku kira Ɗanlami zai yi bayani. Alkawarin da ya yi min yake riƙewa. Da na shigo ya dube ni ya saki numfashi, kamar wanda ya ga motar garinsu. Na kau da kai. Ya jira. Na dubi rufin zaure kamar ni aka ba kwangilar gyara shi. Sai ya gyara tabarau ya yi magana.

"Ranka ya daɗe, aikin fim ne. Ni nake fassara wa Ɗanlami Mai Agogo, in rubuta masa, shi ya faɗa. Kuros ɗin nan waɗanda za su mutu a fim ne gobe. Ga sunana ma a ciki."

Tanimu ya yi tsalle.

"Sunanka da alamar daidai! Kai ka ba kanka rai, mu ka kashe mu!"

Malam Haruna ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya juyo gare ni.

"Ɗanlami, magana ɗaya ce. Bulus ya ce shi ke rubuta maka don ba ka jin Turanci. Haka ne?"

Da zan ce muku tsoro ne ya kama ni, da kun tausaya min, kuma akwai tsoron, don na ga wuƙar, na ga idanun samarin da ke cike da ƙofa, na san in na ce e akwai mai cewa ashe tare suke. Amma na yi rantsuwa ba zan yi ƙarya a takardar nan ba. Ba tsoron ne ya fara zuwa ba. Sunan ne. Bature. Na hango kaina ina wucewa kasuwa ana ce min kam, go, tankiyu. Kafin in gama hangowa bakina ya riga ya buɗe da kansa, kamar yadda ya saba.

"Ni? Ranka ya daɗe, ni da ko mafarki da Turanci nake yi, har uwar Rabi ke tashina ta ce in fassara mata?"

Zaure ya fashe da dariya. Wata guda ba a yi dariya a unguwar nan ba sai ranar, kuma ku ji muguntar abin, na ji daɗinta. Na ɗan lokaci kaɗan, amma na ji. Cikin dariyar sai na ji tari daga gefena. Ɗaya. Biyu. Uku. Ban juya ba.

Wani daga ƙofa ya ɗaga murya.

"Ba da ma can shi ne shugaban 'yan sama ba? Ai Bature ya daɗe yana nuna mana shi, mu ne ba mu gane ba!"

Wasan da na yi shekaru ina yi, a nan ya zama shaida. Malam Haruna ya rufe littafin ya tura shi ƙarƙashin buzunsa. Ya ce shi bai ga mai kisa a fuskar Bulus ba, amma shi tsoho ne, ba zai iya riƙe unguwa da hannu biyu ba.

"Bulus, kafin magariba ka kwashe iyalinka. In gari ya lafa ka dawo, gidanka na nan."

Maman Iliya ta dawo daga zumunta da zanin taronsu a jiki, ta tarar da akori-kura a ƙofar gidanta. Uwarku ce ta ɗaure musu kaya tana kuka, har da ke Rabi a bayanta. Inna ta ja tabarma ta zauna a bakin ƙofarsu da carbinta, ta ce duk wanda zai shiga sai ya taka ta. Malam Haruna da kansa ya shiga gaban motar ya raka su har bayan gari. Wannan ita ce tafiyar da na sace na ce tawa ce, na ƙara mata babur da harsashi. Ni ina rumfa, na kwance Hajiya gunduwa-gunduwa ina gyara abin da bai lalace ba. Da na koma gida uwarku ta ajiye min tuwo ba ta dube ni ba, ta ɗauko kwandon nan ta dire a gabana.

"Wannan kuma me zan yi da shi, Bature?"

Da Baban Rabi take kirana. Tun daga ranar Bature take ce min, kun ɗauka kirari ne. Inna kuwa daga ɗakinta ta ce,

"Wa zai karanta min takardar asibiti yanzu? Kai?"

Ashe tsohuwar ta sani tun tuni.

Saura abin da ya fi wannan muni. Washegari Asabar. Faifan ya dawo hannuna, sunayen bakwai na gan su a zaure, na san wane ne wane. Da na kunna na kira sunayen nan, da unguwa ta ga ƙaton soja mai tumbi ya faɗi, direban da ba ya wanka ya faɗi, ɗaya bayan ɗaya har bakwai, daidai yadda jan biro ya ce. Ko ban buɗe baki na amsa laifi ba, talabijin zai wanke Ticha. Wato an murɗa min agogo an mayar da ni ranar, kyauta. Rumfa ta cika, na tsaya da faifan a aljihu ina jin sanyinsa a cinyata. Na ja igiyar Hajiya sau biyu a hankali yadda na san ba za ta tashi ba, na juyo na ce jama'a yau Hajiya tana fushi, sai wani makon. Aka yi dariya aka watse. Ba wanda ya mutu ran Asabar ɗin, sai aka ce ai don asiri ya tonu da wuri ne. Kafin mako ya zagayo an cire ƙofofin gidan Ticha, an kwashe kwanon rufi. Fiyar ma wani ya sare ta, ban san me ta yi ba.

Sunan da na saya da wannan tsada ko shekara bai ƙara ba. Babu littafi, babu tari, sai na riƙa zuba abin da ya zo bakina. Tsoho yana kuka a kan kabari ina cewa yunwa yake ji. Wata Asabar wani da ya dawo daga kwaleji ya miƙe a tsakiyar rumfa ya ce, oga ba haka ya ce ba fa. Na ce Turancinsa na makaranta ne, nawa na asali ne. Aka yi dariya, amma dariyar ta canja wuri. Benci goma sha biyu suka koma shida, suka koma biyu, waya ta zo ta kwashe sauran. Na sayar da Hajiya na shiga harkar citta, wadda kuka taso kuka same ni a ciki.

Shekaru suka wuce. Gari ya lafa iyakar lafawar da zai yi, Ticha bai dawo ba, me zai dawo ya tarar? Da Malam Haruna ya kwanta ciwon da bai tashi ba, ya aika aka kira ni, ya zaro littafin daga ƙarƙashin matashi. Ya ce tun a makon ya karance shi daga bango zuwa bango, ya gane komai, ya faɗa wa waɗanda za su ji, amma ba bakinsa ake jira ba.

"Na yi ta jira ka zo da ƙafarka, Ɗanlami. Ga shi ƙafar tawa ce ta riga gajiya."

Bayan an yi masa addu'ar uku, a wannan zauren, gaban jama'a, na miƙe na faɗi komai. Na ce ba na jin Turanci, Ticha ne ke rubutawa, ƙarya na yi. Kun san abin da ya faru? Dariya aka yi. Aka ce Bature ba ya tsufa, ko a zaman makoki sai ya kawo tasa. Na rantse, aka ƙara dariya. Tanimu kaɗai bai yi ba. Ya dube ni ya daɗe, ya ɗauki takalmansa ya fita, har ya mutu bai sake sayar min da nama ba. Shi ya sa na ce muku ku yarda in kun ga dama. Na saba.

Ran Asabar na shiga bas na tafi Kagoro da littafin a cikin riga. Na yi ta tambaya har aka nuna min wani gida a gindin dutse, ɗaki biyu a cikin gidan ɗan'uwansa. A hanya mai babur ɗin da ya kai ni ya ba ni labari ban tambaye shi ba. Ya ce tichan nan da ya dawo, nasa mutanen ma ba su bar shi ba, suka yi ta ce masa ga amfanin zama da su, ina aminin naka da kake faɗa? Hawan jini ya kama shi, ya ajiye aiki, daga baya ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Na tarar da Maman Iliya a tsakar gida tana shanya acca, ta tsufa ta ƙanƙance. Ta ɗago ta dube ni kamar jiya muka rabu.

"Ka zo ne? Maman Rabi yana lafiya? Shiga, mutumin ka yana nan."

Yana zaune a kujerar roba a inuwa, baki ya karkace, tabarau ɗaure da zare. A aljihun rigarsa biro biyu, shuɗi da ja. Ita ke sa masa kowace safiya, in ta manta ba ya cin abinci. A kan wani ɗan tebur ga waya an jingina ta da kofi, Iliya ne ke turo masa daga Kaduna, Mai Agogo ke ciki yana gudu a wani titi, sama cike da jiragen 'yan sama. Ashe bai taɓa fashin Asabar ba. Na durƙusa na gaishe shi, na ɗora masa littafin a cinya. Da hannunsa mai lafiya ya yi ta buɗewa har ya kai shafin. Yatsansa ya bi kuros bakwai ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ya sauka ƙasa inda aka rubuta Ɗanlami da alamar daidai, ya tsaya a nan.

Ni da shiru ba ma shiri, sai bakina ya kama aiki. Na ce Ticha ai ka ƙara kyau, na ce Kafanchan duk ta rame don kewarka, na ce fiyarka ta sake tohowa har ta fi hasumiyar masallaci tsawo. Ƙarya nake zubawa iya ƙarfina, da gangan, ina jira ya yi tari ko sau ɗaya ne. Bai yi ba. Ya mayar da idonsa kan waya. A nan ƙaryar ta ƙare min, na juya wurin Maman Iliya da ke tsaye da faifan acca a hannu, na nuna tsohon cikin waya.

"Mama, wallahi da ina da agogon mutumin nan, da na murɗa shi na koma zauren nan."

Ta karkaɗe faifan a cinyarta, ta dube ni daga hula har takalmi.

"Wane agogo? Ran nan ba agogo ne aka nema ba, Ɗanlami. Baki ne aka nema, kuma duk Kafanchan ba wanda ya fi ka baki."